Malam Edita, a yi mana bayani kan tramol da ƙwayoyin ciwon jiki

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ya aiki. Ni mai karanta jaridarku ne daga Garwa a arewacin Kamaru, kuma abinda yasa na ɗauki waya na rubuto shine ƙanina. Ɗan kalando ne, wato acaɓa kamar yadda kuke cewa a wajenku. Watan jiya yana tsaye a bakin kasuwa yana jiran fasinja kawai ya yanke jiki ya faɗi, jiki na karkarwa, kumfa a baki, har ya ciji harshensa. Wasu sukace iska ce a kira malam. Da muka kaishi asibiti dokta yace a duba aljihunsa, sai ga katin tramol mai miligiram 225 saura ƙwaya uku. Ashe kullum biyu yake haɗiya da shayin safe, ɗaya da la'asar.

Toh Malam ku lissafa, miligiram 675 kenan a rana, alhali babban mutum ma da likita ya rubuta masa ba'a so ya wuce 400, kuma na asibiti mai 50 ne ko 100. Dokta ya zaunar dani ya mini bayanin da wallahi da na sanshi tun farko da bamu kai nan ba. Asalin sunansa tramadol, a Jamus aka fara saida shi a 1977, kuma dangin su mofin da kodin ne. Ba ya zuwa inda ciwon yake, laka da ƙwaƙwalwa yake nufa ya dakushe saƙon zafi, bayanka na nan da ciwonsa kai ne dai baka ji. Sannan hanta na juya shi ya koma wani sinadari da yafi shi ƙarfi, kuma hantar kowa da irin saurinta, shi yasa wani zai sha ɗaya jiri ya kwasheshi, abokinsa yasha biyu yace bai ji komai ba ya ƙara. Yana kuma tada wasu sinadaran ƙwaƙwalwa irin su serotonin, in ya yi yawa sai ya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, abinda ya kada ƙanina kenan. In jiki ya saba kuma aka daina lokaci guda sai gumi da hamma da zawo da ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace, mutum ya koma kansa dole.

Abin ya kai har shanu ake ba. A 2013 wasu masu bincike sukace sun gano tramadol a saiwar tafashiya ta Kamaru, shekara na zagayowa wasu masu bincike na Jamus da Kamaru suka nuna cewa a Arewa Mai Nisa, yankin Marwa, daga fitsari da kashin shanun huɗa da na mutane ya shiga ƙasa. Wannan ya tada min hankali sosai.

Kuma ba tramol kaɗai ba. Innarmu na fama da gwiwa, shekara da shekaru tana aiken yara wajen mai tebur a sayo mata haɗi na sefa ɗari a ƙulle a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ba suna ba kwanan wata. Diclofenac ne da ibuprofen a ciki, su biyun aiki ɗaya suke, suna hana jiki yin prostaglandin mai kawo kumburi da zafi, amma shi ɗin dai shine ke kare bangon ciki kuma yake taimakon jini ya isa ƙoda. Ta sha ba abinci a ciki, har bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, ashe gyambon ciki ne ke zubar da jini. Ga zafin Garwa na Maris da Afrilu, mutum ya wuni a rana bai sha ruwa ba ya ɗora diclofenac, ƙoda ce ke wahala. Paracetamol da muke rainawa shi kuma hanta yake ci in ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 mai 500, gashi yana ɓoye cikin maganin mura da yawa mutum bai sani ba yana ninkawa.

Ni bance a hana tramadol ba, na ga wanda aka yi wa tiyata yana kukan ciwo, irinsu suna buƙatarsa da takardar likita. Roƙona dan Allah ku ware shafi ko sau ɗaya a wata, ku gayyato ma'aikacin farmasi ya riƙa bayani da Hausa ƙwaya bayan ƙwaya, me take yi, nawa ake sha, wa bai kamata ya sha ba, domin takardar cikin kwali da Faransanci ko Turanci take kuma mai tebur ma ba ya bada ita. Mu nan zamu tura a WhatsApp, masu jin Fulatanci su fassara wa iyayenmu.

Ƙanina yanzu ana rage masa a hankali, kowane mako muna komawa asibiti. Makullin babur ɗin yana hannuna sai dokta yace ya hau.

Naku mai karatu,
daga Garwa, Kamaru