Wasiƙa zuwa Jidda kan tashar da ka bari a Zariya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zafin Jidda? Mu nan alhamdu lillahi, damina ta kankama.

Saƙonka ya iso kan tashar rediyon da ka bari a gida, irin ta masu sha'awar magana da juna ta iska. Ka ce kana so ka riƙa ganin halin da take ciki daga can, har ka riƙa fitowa iska da lambar kiranka mai farawa da 5N, wato alamar Najeriya, ta intanet. Abu ne mai yiwuwa, kuma ba zai ci maka kuɗi sosai ba.

Rediyonka IC-7300 tana da kafar USB a baya. A haɗa ta da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, a ɗora mata Hamlib, manhajar sarrafa rediyo. Ta nan za ka ga mitar da rediyon take kai, da ƙarfin da take fitarwa, da SWR, wato ma'aunin ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ta maido. Wannan na ƙarshe nake so ka fi sa wa ido. Muddin yana ƙasa da 1.5, hankalinka kwance. Ranar da ya haura 3 alhali ba wanda ya taɓa komai, to akwai magana a kan rufi: ko iska ta tsinka waya, ko ruwa ya shiga mahaɗin kebul. Na ruwan ya fi ruɗa mutum, domin da safe lambar SWR za ta ɓaci, rana na buɗewa ya bushe, ta dawo daidai. Shi ya sa dole kwamfutar ta riƙa ajiye awon kowane lokaci, ba na ranar da ka leƙa kaɗai ba.

Sai wuta. Rediyon tana son volt 13.8, kuma in tana fitar da watt 100 tana iya jan amfiya 21. Tunda sola da batir ne ke riƙe da ita, a sa ɗan na'urar awon wuta INA226 ya riƙa auna batirin. Batir irin mai ruwan nan in ya cika yana nuna wajen volt 12.7, in ya sauko 12.0 a bar shi ya huta. A manna ɗan na'urar DS18B20 kusa da fankar rediyon don auna zafi, ka san yadda ɗaki rufaffe yake a watan Afrilu. In kuma kana son tabbatar da cewa ana jin ka, yi kiran FT8, wato gajeren saƙon da kwamfuta ke aikawa ta rediyo, a kan mita 14.074 MHz, ka buɗe shafin intanet na PSK Reporter ka ga waɗanda suka kama ka.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kashewa. A ce rediyon ta maƙale tana watsawa, intanet ɗin gida ya yanke, kai kana Jidda. Tana ƙona kanta, tana kuma toshe wa 'yan'uwa masu rediyo mita da lambar kiranka. Ka shiga saitinta ka sa iyakar watsawa a minti 3, akwai wurin. Sannan a sa makunni na dabam mai layin wayarsa, wanda saƙon tes ɗaya zai sa ya yanke wutar gaba ɗaya, ko da kwamfutar ta daskare. Don Allah kada ka fara watsawa daga nesa kafin a gama wannan.

Tsawa kuwa ba ruwanta da makunni. Abin da ya keto sararin sama ba ɗan tazarar da ke cikin makunni ne zai tare shi ba. Sai hannun mutum ya zare kebul ɗin eriya tun hadari yana nesa, ba sai an fara walƙiya ba. Ka yi wa ƙanenka magana, ni zan nuna masa wanda zai cire da inda zai ajiye shi, nesa da teburin.

Idan ka amince, zan sayi kayan nan Kano, in na shiga Zariya in haɗa, mu gwada tare kana kan waya. Ka turo mini hoton bayan rediyon in kana da shi.

Ka gaida mai ɗakinka da yara. In ka je Makka ka sa mu a addu'a.

Naka,
Amininka na Kano