Zuwa ga ɗana a birnin Lesta na Ingila, kafin ranar Asabar

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa. Yayarka ta shaida mini abokin nan naka Ba'indiye ya rasu, an ƙona gawarsa bisa addininsu, kuma ranar Asabar za ku raka iyayensa kogin Soar su zuba tokar. A bakinta na ji, ba a bakinka ba. Allah Ya ba ka haƙuri.

Ban hana ka zuwa ba. Wanda ya yi jinyarka a sanyin bara yana da haƙƙi a kanka. Ka yi wa iyayensa gaisuwa, ka zauna da abokanka, wanda kuka ya ci ƙarfinsa ka riƙe shi. Amma ibadarsu tasu ce, kada ka amsa abin da suke karantawa.

Kada ka zaci irin tokar murhu ce. Ƙashi ne niƙaƙƙe, fari-fari, da tsakuwa-tsakuwa kamar yashin rafi, na babban mutum yakan kai kilo 2 zuwa 3, kuma garin cikinsa iska ke kwasa. Don haka mai zubawa ya ba iska baya, ku kuma ku tsaya a bayansa, ya sauke tulun tokar dab da ruwa, ya riƙa tsiyayawa kaɗan-kaɗan. In ya ɗaga sama ya juye gaba ɗaya, a fuskokinku da rigunanku za ta sauka, uwarsa na kallo. A gwada buɗe murfin tun a gida, domin sau da yawa tokar tana ɗaure cikin leda, kada a tsaya kokawa da ƙulli a cikin jirgin ruwa. Ku riƙe gorar ruwa da tawul, tokar tana manne wa hannu mai laima. A Ingila ba a neman lasisi don zubawa a kogi, amma hukumar muhalli ta ce a nisanci masu kamun kifi, a bar aƙalla kilomita 1 sama da inda ake jan ruwan sha, kuma ban da jefa leda ko furen roba.

Ba wannan ne ya hana ni barci ba. Kai ne. Kana zaune kai kaɗai, masallaci ma an ce sai Juma'a, ita ma ba kullum ba. In ajali ya riske ka can, wa zai ce wannan Musulmi ne? A Ingila gawar da ba wanda ya ɗauki nauyinta ƙaramar hukuma ke yi wa jana'iza, kuma galibi ƙonawa suke yi. Dokarsu ta 1984 ta hana su ƙona wanda suke da dalilin zaton ba ya so. To ina dalilin, in ba ka bar shi a rubuce ba? Ka ce na cika tsoro, kamar yadda ka faɗa a tashar jirgi. Ban haife ka don a miƙo mini kai cikin tulu ba!

Ka yi haƙuri, zafin zuciya ne. Ka rubuta wasiyya cewa a yi maka wanka da sutura da salla, a binne ka. Ka ba abokai biyu, ka ajiye ɗaya tare da fasfonka, ka kai sunanka ga kwamitin jana'iza na masallacin unguwarku. Maƙabartar Saffron Hill da ke Lesta tana da sashen Musulmi.

Ranar Asabar ka sa rigar sanyi mai kauri, bakin ruwa akwai iska. In kun dawo ka kira mahaifiyarka, ko da dare ya yi.

Mahaifinka