Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Amai Da Gudawa A Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da miƙa ban-girma, muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya dafa maka kan amanar talakawa da ya ɗora a wuyanka. Mu ne talakawanka mazauna unguwar nan da ke gefen magudanar Jakara, dattawa da matasa da iyaye mata. Da so samu ne, tattaki za mu yi har ƙofar gidanka mu faɗi gaisuwa mu faɗi abin da ke tafe da mu baki da baki, kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi. To makon nan wanda ba ya zaman makoki yana jinya, shi ya sa muka aiko da takarda. A yafe mana.

Allah ya ba ka nasara, daren Alhamis da ta wuce, bayan ruwan da aka tafka tun la'asar, wata yarinya 'yar shekara huɗu a gidan da ke bakin kwalbati ta fara gudawa bayan sallar isha'i. Uwarta ta zaci ɓacin ciki ne, ta jiƙa mata abin da ta saba jiƙawa. Can cikin dare gudawar ta koma fara fat kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Kafin kiran assalatu idanun yarinya sun faɗa, in an tsunkuli fatar cikinta sai ta tsaya a tattare ba ta komawa. Aka fita neman adaidaita sahu, aka samu, mai shi ya leƙa lungu ya ga ruwa ya ce ba zai shiga ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Uban ya saɓa 'yarsa a kafaɗa ya ratsa ruwan kwata har gwiwa. Bai kai bakin titi ba rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Muna maƙabarta aka aiko cewa yayanta ma ya fara. Shi Allah ya yi da sauran kwanansa, an garzaya da shi Asibitin Zana aka yi ta ƙara masa ruwa har ya dawo hayyacinsa. Ranar Asabar muka sake ɗaukar gawa, wani dattijo mai sayar da goro a bakin masallaci, wanda da shi aka yi wa yarinyar salla. Yanzu da muke rubuta wannan takarda, a layi ɗaya kawai akwai gidajen da suka shimfiɗa tabarma da bokiti a gefenta, akwai almajiran makarantar allo da ke kwance, kuma matan unguwa sun daina shiga gidajen juna ko barka da asuba.

Mun yarda da ƙaddara, ranka ya daɗe. Abin da ya sa muka kasa yin shiru shi ne abin da ya biyo baya. Ranar Litinin wasu jami'ai suka zo da mota, suka tsaya a bakin titi inda ƙasa ta bushe. Suka ɗauki hoto, suka raba takardu masu zanen hannu da sabulu, suka ce a riƙa wanke hannu kafin cin abinci da bayan fitowa daga bayan gida. Ɗaya daga cikinsu ya ce, a gaban mutanen da ke zaune kan tabarmar ta'aziyya, wai ƙazantarmu ce ta jawo mana. Uban yarinyar yana wurin, bai ce uffan ba, sai dai ya tashi ya shige gida. Kafin su tafi suka ci tarar wata bazawara mai suyar awara saboda ba ta rufe tirenta ba. Kwalbatin da ya toshe yana nan taku kaɗan daga inda suka ajiye mota, babu wanda ya leƙa shi.

Ba mu ƙi wanke hannu ba. Mu Musulmi ne, sau biyar muke alwala a rana. Amma da wane ruwan?

Ga yadda abin yake, don mun san ba lallai a kawo maka shi dalla-dalla ba. Babbar magudanar da ke kwashe ruwan unguwa ta kai Jakara ta cika da leda da robobi da yashi, har ciyawa ta tsiro a kanta, yara suna tsallakawa kamar ƙasa ce. A can ƙasan layi an ɗora gini a kan hanyar ruwan, aka bar wata 'yar kafa da ko akuya ba za ta ratsa ba. Da muka yi magana lokacin ana sa harsashi, aka ce mana mai ginin yana da takarda. Kududdufin da tun kakanninmu yake shanye ruwan damina an cike shi da shara, an yanka filaye an sayar. Ruwa kuwa ba ya karanta takarda, in ya rasa hanya sai ya koma gidajen mutane. Masai ta cika ta tumbatsa, abin da ke cikinta ya bi tsakar gida ya gangara rijiya. Ma'aikatan lafiya da kansu suna cewa ya kamata a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A cikin birni wane gida ne yake da wannan filin? A yawancin gidajenmu katanga ɗaya ce tsakani.

Sai famfo. Muna jin sunan matatun ruwa na Challawa da Tamburawa a rediyo, amma akwai yaran da aka haifa a unguwar nan har suka shiga makaranta ba su taɓa ganin ruwa ya zubo daga famfon gidansu ba. Inda yake ɗan zuwa jefi-jefi, tsohon bututun ya ratsa ta cikin kwata ne, kuma ya fashe a wurare. Idan an ɗauke ruwa sai ya zuƙe na kwatar, idan an kawo sai ya turo mana shi gida, baƙi mai wari. Don haka kowa ya koma ga 'yan ga-ruwa. Ba ma zarginsu, neman halak suke yi, amma babu mai tambayar daga wace rijiya suka ɗebo, ko yaushe rabon jarkar da wanki. Magidancin da ke fama da kuɗin awo, a ce masa ya sayi ruwa, ya sayi gawayi ya tafasa shi, sannan ya sayi sabulu, ai sai ya zaɓi ɗaya.

Allah ya ƙara maka imani, wannan ba shi ne karo na farko da muka kai kuka ba. Mun rubuta, mun sake rubutawa. Mun je ofis an ce mai sa hannu ya yi tafiya, mun koma an ce takardar tana sama, mun koma an ce a kawo wata don waccan ta ɓata. An taɓa turo masu awo suka ja igiya suka shafa jan fenti a bango, fentin har ya koɗe. An taɓa kawo motar kwashe shara ta yi sawu ɗaya ranar da wani babba zai wuce, ba mu sake ganinta ba. Lokacin neman ƙuri'a kuwa babu wanda bai tsaya a kan kwalbatin nan ya yi rantsuwa ba. Matasanmu duk Asabar ɗin ƙarshen wata suna fitowa da shebur da manjagara da baro su yashe kwata, da kuɗin da muke tarawa a masallaci. Su tara dagwalon a gefen hanya suna jiran mota, mota ba ta zo ba, ruwa ya sauko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Shekara nawa ana wannan aikin baban giwa? Mu kanmu mun daina ƙirgawa.

Kuma ba baƙuwar cuta ba ce da za a ce ta zo ba sallama. Dattawanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau da ƙyanda da amai da gudawa suka haɗu a garin nan. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Kano tana sahun gaba tare da Bauchi da Jigawa. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya shigo, Kano ce ta fi kowace jiha ɗanɗana kuɗarsa, mun binne yara a unguwannin nan. Duk damina haka muke zama da fargaba. Abin da ya fi ci mana rai, amai da gudawa cuta ce da ruwan gishiri da sukari ke ceton rai a cikinta in an fara da wuri: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Uwar yarinyar nan ba ta taɓa jin wannan ba. Ko da ta ji, ruwan randarta daga rijiyar nan aka ɗebo shi.

Saboda haka muke durƙusawa a gabanka, ranka ya daɗe, domin kai ne ubanmu, kuma inda muryarmu ba ta kai ba taka tana kaiwa. Muna roƙo kafin komai a buɗe kwalbatin nan. A turo mota da ma'aikata a yashe magudanar tun daga sama har inda ta faɗa Jakara, a kwashe abin da aka ciro a ranar, kada a bar mana shi a ƙofar gida. Matasanmu a shirye suke su yi aikin gayya, kayan aiki da mota kawai suka rasa. Muna roƙo a zo a zuba sinadarin kulorin a rijiyoyin unguwa gida-gida, wadda ta lalace a rufe ta, a kawo mana tankar ruwa ko da na 'yan makonnin nan ne har cutar ta lafa. A ajiye ma'aikacin lafiya a cikin unguwa da ƙullin gishiri da sukari da ledar ƙarin ruwa, wanda za a iya buga wa ƙofa da tsakar dare, tunda cutar nan ba ta jiran gari ya waye.

Ginin da ke kan hanyar ruwa kuma, ba mu ce a zalunci kowa ba. A kira mai shi, a duba takardar da aka ce yana da ita, a tambayi wanda ya ba shi ko ya taɓa zuwa wurin da damina. In an ga dama a fasa ƙasan ginin a faɗaɗa hanyar, mu dai ruwa ya wuce. Haka bututun da ya fashe cikin kwata, ko a ɗaga shi ko a toshe shi gaba ɗaya, don rashinsa ya fi mana wannan da yake kawowa.

Iyayenmu suna ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda zai shiga gida ya buɗe randa ya leƙa masai, kowa yana shakkarsa. Muna maraba da irinsa. A dawo da shi, ya ci tarar duk wanda ya zuba shara a kwata, ko da ɗaya daga cikin masu sa hannu a takardar nan ne. Amma ya fara da manyan laifuka kafin ya kai ga tiren awara. Kuɗin da aka karɓa daga hannun baiwar Allah nan muna roƙo a mayar mata, marayu take ciyarwa. Shi kuma wanda ya faɗi waccan magana a wurin makoki ba mu nemi a hukunta shi ba, a dai ja masa kunne.

Muna kuma roƙon ka isar da wannan kuka ga shugaban ƙaramar hukuma da fadar Mai Martaba, da bakinka, don takardunmu mun ga inda suke kwana. In da hali, ranka ya daɗe, ka tako da kanka ko ka turo wakili ya shigo har cikin lungu, ba bakin titi ba. Za mu tanadi takalman roba. Hadari yana haɗuwa kusan kullum da yamma, kuma kwalbatin yana nan yadda yake a daren Alhamis. A buɗe mana shi, don Allah.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya kare ka da iyalinka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Mu ne masu biyayya gare ka,

Dattawan unguwa
Limamin masallacin unguwa da na'ibinsa
Malaman makarantun allo da Islamiyya
Wakilan iyaye mata
Wakilan matasa masu aikin gayya