A Taimaka Wa Matasa Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta

Ya Edita,

Ina roƙon fili domin matasanmu na Gusau da ke rubuta manhajojin kwamfuta ga shagunan magani da makarantu, waɗanda ƙaramar matsala kan tsayar musu da aiki saboda rashin wanda za su tambaya. Wadda ta fi damuna ita ce ta haruffanmu masu ƙugiya: a adana sunan Ɗansadau a manhajar da aka rubuta da harshen kwamfuta na C# ko Java, sai ya dawo da alamar tambaya, alhali galibi maganin bai wuce saita fayil da rumbun bayanai kan UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu a kwamfuta da ke gane irin waɗannan haruffa.

Ina kira ga malaman kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau da su riƙa zama da waɗannan matasa duk wata, kowa ya zo da kwamfutarsa.

Naku,
Mai karatu daga Gusau, Jihar Zamfara