A Gyara Zauren, A Kuma Nemo Wasannin

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ara mini fili in yi magana kan tsohon ɗakin taro na makarantar da na koyar shekara da shekaru a nan Katsina, wanda na ji tsofaffin ɗalibai na haɗa kuɗi za su gyara. Madalla da su. Na leƙa kwanan baya, iska ta yaye rabin kwanon, jemagu sun yi gida a sama, dandamalin sumuntin ya tsage har ciyawa ta fito.

A kan dandamalin nan muke wasan kwaikwayo duk ƙarshen zango. Zanen gado biyu muke ɗinkewa su zama labule, a rataye fitilar gas a ƙusa. Da yake makarantar maza ce, yaro ne zai ɗaura zane da kallabi ya fito a matar gida, iyaye su yi ta dariya har da hawaye. Mun yi Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, mun yi Kulɓa na Ɓarna na namu, Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi. Waɗannan an buga su, mai nema zai samu.

Damuwata ita ce waɗanda ba a taɓa bugawa ba. Malamai ne ke rubuta su da hannu, a kai wa mai tafireta, a raba wa yara, an gama ke nan. Akwai wani wasa a kan mai auna hatsi da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, wanda har gobe nake tuna wasu maganganunsa. Tawa takardar, da na buɗe akwati bara, gara ta riga ni. Wanda ya rubuta shi kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Gyaran gini ba ya gagarar mu. Ga tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ginin ƙasa ne, amma yana nan tsaye ya zama gidan tarihi. Ina roƙon masu aikin su ware ko kaɗan ne daga kuɗin fenti, su sa ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su bi mu gida gida da waya, su naɗi abin da muka tuna, su ɗauki hoton takardun da suka tsira. Tsofaffin matan da suka ga wasan gauta, wato wasan kwaikwayon gargajiya na matan fada, su ma a tambaye su. Ranar buɗe zaure sai yara su hau su yi ɗaya daga ciki, maimakon dogayen jawabai.

Mu da muka riƙe labulen nan, waɗanda na san suna raye ba mu da yawa, kuma ni ne ƙaraminsu.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Rafindadi, Katsina