Gaisuwar Sallah daga Landan zuwa Argungu

Assalamu alaikum Baba,

Barkanku da Sallah, da fatan an sha ruwa lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana. A gaishe mini da Inna da Goggo da su Yaya da yaran gida baki ɗaya.

Mu ma mun yi idi yau da safe, amma cikin masallaci, rukuni bayan rukuni, don wurin ba ya ɗaukar jama'a kuma da sauran sanyi. Ana sallamewa kowa ya nufi tashar jirgin ƙasa zai tafi aiki. Na daɗe tsaye bakin ƙofa ina tuna hawan Sarkin Kabi, da ƙurar dawaki, da tuwon shinkafar Inna.

Baba, wannan ce Sallar farko tun da Allah Ya yi wa Baba Buhari rasuwa, shi ya sa na kasa tsayawa a gaisuwa kawai. A nan garin ya cika, ranar Lahadi 13 ga Yulin 2025. Ina bakin aiki labarin ya iso mini, na nemi wuri na zauna. Duk wanda ke zaman ƙasar wani yana ɗauke da tsoron kada ajali ya riske shi nesa da gida, sai ga shi ya riski wanda ya mulki Najeriya sau biyu. Bayan kwana biyu na kalli jana'izarsa ta waya, ana sa shi a makwancinsa cikin gidansa na Daura. Ku na tuna a lokacin. Tun 2003 kuke yi masa layi cikin rana, aka sake a 2007 da 2011, ba ku gaji ba har ya kai a 2015. Har yau ina jin muryarku kuna ce mana a kasa, a tsare, a raka.

Mu mutanen Kebbi muna da namu dalilin jin wannan rashi. A Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Najeriya, cikin Nuwamban 2015. Kun san yadda fadamarmu ta koma bayan nan: noman rani ko'ina, ƙarar injin ban ruwa tun asuba, samarin da ke tafiya cirani suka zauna gida, har shinkafarmu ta kai kasuwannin Legas da sunan Lake Rice. Da kuɗin shinkafar nan aka aurar da ƙanwata. A Maris ɗin 2020 kuma ya zo Argungu da kansa aka farfaɗo da bikin kamun kifi, bayan shekara kusan goma kogin Matan Fada na shiru.

Ba zan ɓoye muku abin da ke raina ba. An sha wuya a zamaninsa. Rufe boda a 2019 ya durƙusar da 'yan kasuwar Kamba, canjin kuɗi na 2023 ya sa mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa, kuma ɗaliban da aka kwashe a Birnin Yawuri cikin 2021 ciwo ne da bai warke ba. Rashin tsaron nan yana cikin abin da ya fito da ni. Duk da haka zuciyata ta yarda mutum ne da abin duniya bai rufe masa ido ba, kuma ya nufi talaka da alheri. Allah Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna makoma.

Ni dai ban cire rai da ƙasar nan ba. Duk sanda na ga buhun shinkafar Indiya a shagunan nan, sai in ce me zai hana wata rana a ga ta Argungu kusa da shi? Ruwan Rima na nan, ƙasa na nan, hannuwa na nan. Abin da muke roƙo shi ne shugabannin da za su sa manomin Zuru da na Danko ya je gona ya dawo gidansa lafiya.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya, rabi goron Sallah, rabi a gyara injin ban ruwa. Don Allah Baba kada a sayar da gonar bakin fadama, ko nawa aka taya. In Allah Ya kai mu, kwantiragina na ƙarewa zan dawo, kuma ita nake son in fara nomawa.

A sa ni cikin addu'a.

Ɗanku mai biyayya.