Da kuɗi kaɗan yaranmu za su iya haɗa na'urar kiɗa mai jin matsi

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da matasanmu masu haɗa kiɗa a situdiyo, da kuma 'yan uwana masu gyaran waya da rediyo, saboda akwai wani aiki da ya kamata mu haɗa hannu mu yi amma kowa yana ɓangarensa.

Duk wanda ya saurari kiɗan zamani na Hausa da kunnen basira ya san akwai abin da ya ɓace. Fiyano ce ke yin komai, ganga ce, sarewa ce, har kalangu ma daga cikinta ake cirowa. To amma shi kalangu ai ba duka kaɗai ba ne, makaɗi yana dukan fata da gula ne yana kuma matse tsarkiya a hammata, in ya matse sauti ya hau in ya saki ya sauka, shi ya sa kalangu yake magana har ya kira sunan mutum a tsakiyar taro mutumin ya waiwayo. Ƙananan fiyanon da suka cika situdiyoyinmu iyakarsu su ji ƙarfin da ka daki maɓalli da shi, wasu ma ko wannan ba sa ji, kuma da zarar yatsa ya sauka shikenan magana ta ƙare, ko ka danna har yatsan ya yi ciwo sautin ba zai motsa ba. Wannan abin yana damuna sosai wallahi, domin yaranmu suna tasowa suna zaton haka kalangu yake.

Turawa sun daɗe da gano wannan matsalar a nasu kiɗan. Tsarin MIDI da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi ya fito tun 1983, kuma tun a lokacin akwai saƙon da ke ɗauke da matsin yatsa bayan an danna, daga 0 zuwa 127. Daga baya aka yi na'urori na musamman don wannan, akwai Seaboard na kamfanin Roli a Landan, akwai LinnStrument da Roger Linn ya fitar a 2014, shi ne dai mutumin da ya zana na'urar haɗa kiɗa ta MPC60 ta kamfanin Akai a 1988. Kayan suna da kyau ba ƙarya, amma kuɗinsu ɗaruruwan daloli ne wasu ma sun haura dubu, ka lissafa da canjin yau ka ƙara kuɗin kawowa, wane yaro ne a Fagge ko Tudun Wada zai iya?

Alhali abin da ke jin matsin ba wani sihiri ba ne. Akwai wata baƙar leda da ake kira Velostat, an cuɗa ta da garin gawayi irin na masana'anta, asali don naɗe kayan lantarki aka yi ta, amma halinta shi ne in ka matsa ta wuta ta fi wucewa ta cikinta. In ba ka samu ba, baƙin soson nan da ake soke ƙafafun aisi (IC, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa da ke jikin bod ɗin rediyo) a jiki idan an sayo sabo, shima yana yi, kuma masu gyara zubar da shi muke yi kullum. Sai ka samu falle biyu na jan ƙarfe, ko da guntun tsohon bod ne ka goge shi da sanfefa ya yi haske, ka sa ledar a tsakiyarsu kamar yadda mai shayi ke sa ƙwai a tsakiyar biredi, ka liƙa waya a kowane falle da dalma. Ka ɗora mitar masu gyara a kai a wajen auna yadda abu ke tare wuta, ka danna da babban yatsa, da idonka za ka ga lamba tana sauka, ka saki ta koma sama a hankali. Daga nan sai ka shimfiɗa shi a kan filawud, ka rufe da guntun tib ɗin babur don yatsa ya ji laushi kuma gumi kar ya shiga.

Sauran aikin na ƙaramin bod ne mai suna Arduino, wanda aka fara yi a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗalibai. Anan a kula, a cikin nau'o'in Arduino a sayi Pro Micro ko Leonardo, su ne masu aisi ATmega32U4 wanda kwamfuta ke karɓa kai tsaye a matsayin na'urar kiɗa ta kebul ɗin USB, shi Uno da kowa ya sani sai an yi masa dabaru kafin ya yi haka. A cikin wayoyin nan biyu da ka liƙa, ɗaya ta tafi ƙafar bolt 5 ta bod ɗin, ɗayar ta tafi ƙafar da ke auna wuta, sannan a sa resisto (ɗan abin da ke rage gudun wuta) na 10k daga wannan ƙafar zuwa ƙafar ƙasa ta bod ɗin, wato GND. Bod ɗin zai karanta daga 0 zuwa 1023, ka raba da 8 ka samu 0 zuwa 127, ka tura wa FL Studio ko duk manhajar da kake aiki da ita. In kana son maɓallai da yawa akwai aisi 4067 mai karɓar guda 16. Kuma ba dole sai da kwamfuta ba, wayoyin Android tun daga na 6 suna karɓar MIDI, kebul ɗin OTG kawai za ka nema.

Ba zan ɓoye ba, ledar nan tana da nata halin. Lambar tana rawa ko da hannunka bai motsa ba, don haka dole ka sa bod ɗin ya riƙa haɗa karatu da yawa yana ɗaukar tsaka-tsaki, kuma kar ya tura saƙo sai lamba ta canza, in ba haka ba sautin zai yi ta karkarwa. Sannan maɓalli biyu ba sa taɓa zama daidai, kowanne sai ka gwada mafi ƙarancin matsinsa da mafi yawa ka rubuta masa nasa. Kuma ba ta da saurin jin duka, to anan sai ka ƙara faifan fiyezo, ɗan zagayayyen ƙarfen nan mai ƙara da ke cikin agogo da kayan wasan yara, ka sa masa resisto na megom 1. Shi fiyezo ya ji duka, ita leda ta ji matsi.

Wajen da nake so makaɗanmu su duba kenan. Kar a tsaya kwaikwayon na Turawa mai maɓallai a jere. A yi faifan duka a gaba, a ɗinka ledar a cikin ɗan matashin kai da za a rataya a kafaɗa ya zauna a hammata, a haɗa matsin hammatar da saƙon lanƙwasa sauti, wanda shi matakansa ma sun kai 16,384 ba 128 ba. Makaɗin kalangu na gaske zai rataya ya yi abin da jikinsa ya saba tun yana yaro, kwamfuta ta ɗauka. Ban ce wannan zai maye gurbin kalangu ba, kuma ban so ya maye, in da hali a kira makaɗin da gangarsa a sa masa makirfo a biya shi haƙƙinsa shi ya fi. Amma tunda yawancin waƙoƙi a kwamfuta ake haɗa su, gara hannun makaɗi ya shiga ciki da a bar linzamin kwamfuta yana zana masa sauti.

Ina kira ga malaman kwalejojin fasaha da na kimiyya su ba ɗalibai wannan a matsayin aikin kammala karatu, su kuma kai su wajen makaɗa su gwada a gabansu, domin makaɗi ne kaɗai zai ce matashin ya yi tauri ko sautin yana makara. Masu sayar da kayan lantarki a Sabon Gari su ma su riƙa kawo Pro Micro da ledar nan a yanka ana sayarwa ƙanana, don yaro ba zai iya sayen babban falle ba. Ku kuma 'yan uwana masu gyara, daga yau a daina zubar da baƙin soson aisi, a tara a leda a ba yaran da ke koyo.

Na gode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku, wani mai gyaran kayan lantarki daga Kano.